Dutin Dare a Hangar Jirage: Yadda Muke Gyara da Gajiya a Jiki

Jirgin fasinja da rana yake neman kuɗi, saboda haka yawancin gyaransa da dare ake yi. Zai sauka daga tashinsa na ƙarshe wajen ƙarfe tara ko goma, alhali an riga an sayar da tikitin ƙarfe shida da rabi na safe. Abin da ke tsakani shi ne rabonmu, mu injiniyoyi da makanikai. Kuma rabon nan ya faɗa daidai sa'o'in da jikin ɗan Adam ya fi rauni, daga ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba, lokacin da zafin jiki yake sauka, hankali yana neman kwanciya ko mutum ya yi barcin rana ko bai yi ba. Duk tsarin da zan bayyana an gina shi ne a kan abu guda: kada lafiyar jirgi ta rataya a kan abin da mutum zai iya tunawa da ƙarfe huɗu na asuba.

Dutin yana farawa tun a gida. Wanda ya tashi ƙarfe shida na safe, ya yi hidimar gidansa, ya shiga aiki ƙarfe bakwai na dare ba tare da ya runtsa ba, to kafin ƙarfe sha ɗaya ya yi awa 17 idonsa biyu. Binciken da Dawson da Reid suka wallafa a 1997 ya nuna cewa a wannan matakin saurin hannu da kaifin lura suna raguwa daidai da na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, idan kuwa aka kai awa 24, ya zama kamar kashi 0.10. Babu shugaban da zai bar mashayi ya taɓa jirgi, amma mai awa ashirin a farke yakan shigo da fara'arsa a ba shi kati, wato takardar da ke jera matakan aikin da zai yi. Shi ya sa barcin awa ɗaya da rabi zuwa biyu bayan azahar, a ranar daren farko, muke ɗaukarsa wani ɓangare na aikin. A garuruwanmu abin ba sauƙi: zafin bazara, ɗauke wuta, yara sun dawo daga makaranta, ga baƙon da ba zai gane dalilin da magidanci zai kwanta da rana tsaka ba. Labule mai kauri, waya a kashe, da yi wa iyali bayani tun wuri, su ne maganin. A watan azumi da lokacin jigilar alhazai lissafin yana ƙara cakuɗewa, domin sahur da tarawihi suna yanka barcin gida-gida, jiragen kuma ba sa tsayawa.

Da isowa, kafin a taɓa ko sufana, sai karɓar aiki. Muna zuwa minti ashirin zuwa talatin kafin masu fita su tafi, don a haɗu ido da ido. Karɓar tana da hawa uku, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Akwai rubutu a littafin miƙa aiki, akwai magana baki da baki, sannan a taka tare zuwa gindin jirgin a nuna da yatsa. Tambayar da ta fi muhimmanci ba "me kuka gama?" ba ce. Abin da aka gama yana kan kati da sa hannu. Tambayar ita ce: "Malam, me kuka kwance wanda ba ya cikin kati?" Domin sau da yawa, don a kai ga abu ɗaya sai an cire wani, ko wani mai kirki ya zo ya taya aiki ya kwance abin da ba a sa shi ba.

Wannan tambayar da jini aka saye ta. Ran 11 ga Satumba 1991 wani jirgin Continental Express ƙirar Embraer 120 ya tarwatse a sama kusa da Eagle Lake a jihar Texas ta Amurka, mutum 14 suka mutu. A daren da ya gabata ana sauya robar narkar da ƙanƙara da ke gaban ƙaramin fiffiken wutsiya. Masu dutin yamma sun fara da ɓangaren dama, wani sufeto ya hau ya taimaka, ya kwance sukurorin sama na dama, ya zarce ya kwance na hagu ma. Masu dutin dare suka gama dama, suka ga lokaci ba zai isa a yi hagu ba, suka bar shi a zaton ba a taɓa shi ba. Sukurori 47 ba sa wurinsu, kuma wutsiyar irin mai tsayi ce, daga ƙasa ba a ganin samanta. Jirgin ya yi tafiya ɗaya lafiya, a dawowa ne ɓangaren ya ɓalle. Babu wanda ya yi ƙarya a daren. Magana ce kawai ba ta ratsa daga wannan duti zuwa wancan ba. Don haka a wajenmu duk abin da aka kwance, ko murfi ne mai sukuru huɗu, sai an buɗe masa layi a kati nan take, a rataya masa jan ƙyalle, sukurorin kuma a zuba su a jaka mai lamba a ɗaure a jikin murfin, ba a aljihu ba.

Bayan karɓa sai rabon aiki, kuma da agogo muke yinsa. Duk abin da kuskurensa zai iya kayar da jirgi, irin su igiyoyi da sandunan sarrafa fiffike, ɗaura inji, bututun mai, gyaran birki, muna turo shi farkon dare, a gama kafin ƙarfe ɗaya ko biyu in da hali. Wanke-wanke, sauya fitilun ɗakin fasinja, gyaran kujeru, su ake bar wa tsakar dare. Dogon bincike na ido, kamar bin layin kusoshi ɗaruruwa da tocila ana neman tsaga, shi ne mafi munin abin da za a ba mutum da ƙarfe uku, saboda ido yana kallo amma ba ya gani. In dole ne, a yanka shi guntu-guntu, minti ashirin zuwa talatin, a canza mutum.

A nan ne kuma shugaban duti yake tambayar kowa awa nawa ya yi barci a cikin awa 24 da suka wuce, da kuma dare na nawa yake kai. Wasu wurare suna amfani da ma'aunin Samn da Perelli, daga 1 zuwa 7, inda 1 yake nufin garau, 7 kuma mutum ya gama yaushi. Wanda ya ce 5 ko sama ba a kora shi gida lallai, amma ba zai yi aiki mai haɗari shi kaɗai ba, ba kuma shi zai zama ido na biyu ba. Ni dai na fi yarda da tambayar awa nawa fiye da tambayar yaya kake ji, don gajiya tana fara lalata ma'aunin da mutum yake auna kansa da shi. Kowa "lafiya lau, Oga" zai ce. Lissafin da Folkard da Tucker suka tattara a 2003 daga masana'antu daban-daban ya nuna haɗarin kuskure yana ƙaruwa da kusan kashi 6 cikin ɗari a dare na biyu, 17 a na uku, 36 a na huɗu, idan aka kwatanta da daren farko, kuma a awa ta sha biyu ta duti ya ninka na awa takwas ɗin farko har da ɗoriya. Folkard ɗin ne ya ba hukumar jiragen saman Birtaniya shawarar kada dutin mai gyara ya wuce awa 12, a sami hutun awa 11 tsakanin duti da duti, kuma kada a yi fiye da awa huɗu a jere ba a sarara ba. Abin takaicin shi ne doka ta fi tsananta wa matuƙa fiye da mu. Matuƙi ana ƙirga masa awoyinsa dalla-dalla, amma a dokar Amurka, misali, abin da aka wajabta wa mai gyaran jiragen kamfanonin fasinja shi ne hutun awa 24 a cikin kwana bakwai, ko kwatankwacinsa a wata. Ragowar ya rage ga kamfani da shugaban duti.

Akwai ƙa'ida ɗaya a rabon aiki da sababbin shiga suke ganin ɓata lokaci ce: mutum ɗaya ba ya yin aiki iri ɗaya a kan injuna biyu na jirgi ɗaya a dare ɗaya. In babu yadda za a yi, sai wani ya sake dubawa. Ran 5 ga Mayu 1983 jirgin Eastern Air Lines ƙirar L-1011 ya tashi daga Miami zuwa Nassau, injunansa uku duka suka tsiyayar da baƙin mai har suka tsaya a sama. An sauya musu toshen maganaɗisu mai kama ɓurɓushin ƙarfe, aka saka ba tare da zoben robar da ke hana yoyo ba. Makanikan sun saba karɓar toshen da zoben a jiki, a ranar aka ɗauko daga sito babu shi, kuma gwajin yoyon da suka yi gajere ne ƙwarai. Allah ya sa injin ɗaya ya sake tashi suka koma Miami. Kuskure ɗaya, hannu ya maimaita shi sau uku.

Sai aikin kansa. Kati a hannu ko kwamfutar hannu a buɗe a shafin da ake, kuma a duba cewa bugun littafin gyaran shi ne na yanzu, domin masu ƙera jirgi suna sauya adadi da matakai. Ana sa hannu a kan mataki bayan an yi shi, ɗaya bayan ɗaya. Tara sa hannu zuwa ƙarshen dare yana nufin mutum yana rantsuwa ne a kan abin da yake tsammanin ya yi. In aka katse ka, ko waya ce, ko an kira ka wani jirgin, ko sallah, da ka dawo sai ka koma baya mataki uku ka sake bi. Dalilin kuwa shi ne ƙwaƙwalwa takan rubuta abin da ka yi niyya a matsayin abin da ka aikata. Noti da ka ɗaura da hannu kana shirin ɗaukar sufanar awo, mai auna ƙarfin ɗauri, bayan minti goma za ka rantse ka ɗaure shi. Saboda haka ba ma barin bututu ko noti a rabin ɗauri: ko dai a ɗaure shi zuwa adadinsa a shafa masa fentin shaida, ko a bar shi a kwance sarai yadda kowa zai gani.

Wajen kayan gyara ne ake gane wanda ya gaji. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sito da ƙarfe uku na dare bai sani ba. Ran 10 ga Yuni 1990 jirgin British Airways ƙirar BAC 1-11 ya tashi daga Birmingham zuwa Malaga. Yana kusan ƙafa 17,300 gilashin gaban kyaftin ya fice, iska ta zuƙe Kyaftin Tim Lancaster har rabin jikinsa ya fita waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton. Ba a rasa rai ba. An sauya gilashin ne awa 27 kafin tashin, a dutin dare, kuma shugaban dutin ne da kansa ya yi, mutum mai shekaru a aikin. Kusoshi 90 ne suke riƙe gilashin. Bai buɗe kundin kayan gyara ya duba lambarsu ba, sai ya ɗauki tsohuwa ɗaya ya je neman irinta. Mai sito ya gaya masa lambar da ta dace, bai bi ba. Da waɗanda ke nan ba su isa ba ya tafi wani ma'ajin mai ƙarancin haske, ya gwada da ido. Guda 84 da ya saka sun gaza kauri da milimita 0.66, guda 6 kuma sun gaza tsayi da milimita 2.5. Tsofaffin da ya kwatanta da su ma akasarinsu ba daidai ba ne tun asali. Tsanin da ya hau bai ba shi damar ganin ramukan da kyau ba, da ya lura kan kusoshin ya nutse fiye da kima. Kuma tun da gilashin ba ya cikin jerin abubuwan da ake wa dubawa ta biyu a lokacin, shi ya yi, shi ya duba, shi ya sa hannu. Gilashin wannan jirgi daga waje ake ɗaura shi, wato iskar cikin jirgi tana tura shi ne a kan kusoshin kaɗai.

Abin da muke yi ke nan saboda wannan: lambar kaya daga kundi take fitowa, ba daga abin da aka cire ba. A karanta lambar da ke kundi, a karanta ta jikin leda, a karanta ta takardar shaidar kayan, a ƙarƙashin fitila, da tabarau ga mai tabarau. Idan mutum biyu ne, ɗaya ya karanta da ƙarfi ɗaya ya bi da yatsa. Sufanar awo a duba takardar gwajinta ba ta ƙare ba, a duba ma'aunin da aka saita ta, don rikita ma'aunan ƙarfin ɗauri biyu, fam-inci da fam-ƙafa, ninki goma sha biyu ne.

Wajen ƙarfe biyu zuwa uku muke tsayawa. Kofi ko shayi mai kauri yana ɗaukar minti 15 zuwa 30 kafin ya kama, kuma bayan awa biyar kusan rabinsa yana nan a jini, don haka wanda ya sha da ƙarfe biyar na asuba barcinsa na safe ya sayar. Goro ma haka. Abinci mai nauyi a wannan lokacin jawo gyangyaɗi yake. Abin da ya fi duka aiki shi ne ɗan barci na minti ashirin zuwa talatin, inda kamfani ya yarda kuma aka tsara wa zai tashe wa. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada haka a kan matuƙa masu dogon zango, ta ba su damar minti 40, suka sami barcin kusan minti 26, kuma lurarsu ta fi ta waɗanda ba su kwanta ba. Sharaɗin shi ne magagi. Wanda ya farka ba ya taɓa jirgi sai bayan minti goma sha biyar zuwa ashirin, ya wanke fuska, ya taka, ya shiga haske. Alamomin da muke lura da su a jikin juna ba hamma ba ce kawai: mutum ya karanta layi ɗaya sau uku, ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba, ya riƙa neman abin da ke hannunsa, ko ya fara cewa "bar shi haka, ya isa".

Dubawa ta biyu ita ce shingen ƙarshe a kan ayyuka masu haɗari, kuma tana lalacewa cikin sauƙi. Mai dubawar dole ya zama bai sa hannu a aikin ba. Ba a yi masa jagora. In ka ce "Injiniya, zo ka ga na ɗaure nan da nan", idonsa inda ka nuna kawai zai je. A ba shi kati a matsa gefe. Zai duba haɗin, da wayar kulle ko ta ja ta ɓangaren ɗauri, da fil ɗin da ke hana noti juyawa, sannan a motsa abin sarrafawar daga ɗakin matuƙi a tabbatar ya tafi iyakarsa kuma ta fuskar da ta dace. Girma yana shiga nan. Yaro ba ya son ya ce wa wanda ya koya masa aiki "Oga, a sake wannan", musamman a tarbiyyarmu. Babban ne ya kamata ya sauƙaƙa, ya riƙa kiran na ƙasa da shi ya duba masa a gaban kowa har abin ya zama al'ada.

Daga ƙarfe huɗu matsi yake farawa. Waya tana ƙara daga ofishin zirga-zirga, ana tambayar ko jirgi zai fito. A nan gajiya da gaggawa suke haɗuwa, kuma abin da ake fara sadaukarwa shi ne ƙaramin abu irin iskar taya. Tayar babban jirgi tana ɗaukar wajen 200 a ma'aunin psi, da busasshen naitirojin ake cika ta, kuma ana auna ta ne bayan ta huce, awa biyu zuwa uku da sauka. Tana iya rasa har kashi 5 cikin ɗari a awa 24 ba tare da wata matsala ba. A jadawalin da masu ƙera taya suka saba bayarwa, in iskarta ta sauka ƙasa da kashi 90 na abin da aka ƙayyade cire ta ake yi, in ta sauka ƙasa da 80 har abokiyar zamanta ta kan gatari ɗaya, domin ita ta ɗauki nauyin. Littafin jirgin ne mai magana ta ƙarshe. Da ido ba a gane taya mai ƙarancin iska in tana kusa da mai cika.

Mutanen Sakkwato da kewaye ba sa bukatar a tuna musu 11 ga Yuli 1991. Jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da tayoyi biyu marasa isasshiyar iska. An san da matsalar kwanaki kafin nan, an kuma sauya adadin a takarda. Da safiyar, babban makanike ya nemi naitirojin, ba a samu nan kusa ba, jami'in da ke kula da jigilar ya ƙi a jinkirta. Tayoyi suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutar. Duka mutum 261 suka rasu. Shi ya sa injiniya mai lasisin sakin jirgi, idan aka matsa masa, amsarsa ba gardama ba ce. Yakan faɗi abin da ya rage, da minti nawa zai ci, ya ce a sanar da fasinja. In kuma abin yana cikin waɗanda littafin jirgi ya yarda a ɗage, a ɗage shi a rubuce da wa'adinsa.

Kafin sa hannun sakin jirgi sai ƙirgar kayan aiki. Kowace sufana tana da gurbinta a akwati, gurbin da ya zauna fanko yana nufin jirgi ba zai motsa ba sai an gano ta, ko da za a sake buɗe murfin da aka rufe. Tsumma ma a ƙirge yake. Sannan zagayen ƙarshe da tocila, ta fuska ɗaya kullum: makullan murfin inji, waɗanda sai an durƙusa ake ganinsu, fil ɗin kulle ƙafafun sauka, murfin bututun auna gudu, da ƙananan ramukan auna iska a gefen jirgi. Selotef da aka manta a kan waɗannan ramukan bayan goge jiki shi ya rikita na'urorin Boeing 757 na Aeroperú a 1996, ya faɗa teku kusa da Lima da mutum 70. In an rufe su, da abu mai launi mai ɗaukar ido ake rufewa, da dogon ƙyalle, kuma a rubuta a littafin jirgi.

Abin da bai ƙaru ba ana miƙa shi ga masu safe ta hawa ukun nan da aka karɓa, ko da ido yana rufewa. Wanda ya ga ya kusa yin kuskure a daren, ko awoyinsa sun zarce, ya cike takardar rahoto kafin ya fita, da lokacin da abin ya faru da awoyin barcinsa, domin daga irin waɗannan takardu ne ake gane cewa jadawalin ne yake da gyara. Rahoton yana zuwa ne kawai a wurin da ba a hukunta mai kawo shi. Saura hanyar gida, wadda ita ma cikin dutin take: mai awa ashirin a farke, rana tana dukan idonsa, barcin daƙiƙa uku a gudun kilomita 80 ya kai shi mita sittin da wani abu ba tare da ya sani ba. Wanda ya ji kansa ya yi nauyi ya kwanta minti ashirin a ɗakin hutu kafin ya tayar da mota, ko ya bi motar ma'aikata ya dawo ya ɗauki tasa da yamma.